Yadda ake rubuta loglayin na fim ɗin laifi da bincike

Loglayin jimla ce ɗaya, ko biyu in ta kama, mai ɗauke da ƙashin bayan labarin fim. Furodusa ba zai zauna ya karanta sikirif, wato cikakken rubutaccen labarin fim, mai shafi 90 daga hannun wanda bai sani ba. Wannan jimlar yake fara gani, sau da yawa a WhatsApp, kuma ita ke sa ya nemi sauran ko ya wuce. Tsawonta kalma 25 zuwa 35 ne, amma tunda Hausa na da ƙananan kalmomi irin "da", "ya", "na", in ta kai 40 ba laifi.

Kafin ka fara ƙulla jimla, ɗauki takarda ka amsa tambayoyi biyar, kowace a layinta: wane ne jarumin, me ya faɗo masa, me yake so ya yi, wa ya tare masa hanya, me zai rasa in ya gaza. Wanda ya kasa amsa ta uku, matsalarsa tana cikin sikirif ɗin, sai ya koma can ya gyara tukuna.

Ga irin abin da yawancin masu farawa ke rubutawa: "Labari ne mai cike da darasi da ban tausayi a kan wani matashi da ya faɗa hannun miyagu a Zariya." Babu abin kamawa a nan. "Mai cike da darasi" yabon kai ne, kuma mai karatu ne ya kamata ya yanke wannan hukuncin. "Wani matashi" kowa ne. Sannan jarumin bai yi komai ba, faɗawa kawai ya yi.

Gyara na farko, ba shi sana'a da wuri maimakon suna. Suna ba ya gaya wa furodusa komai, amma "mai gyaran waya a PZ" (wata unguwar kasuwanci a Zariya) ya riga ya sa an ga teburi, da ƙaramin sukundireba, da wayoyin mutane a jere cike da asirinsu. Sai ka kawo abin da ya tayar da ƙura: "Wani mai gyaran waya a PZ ya tsinci bidiyon kisan kai a wayar da aka kawo masa."

An samu laifi, saura ƙulli. A nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka, domin shi ke raba fim ɗinka da sauran masu gawa da ɗan sanda. Tambayi kanka: me ya hana shi kai wayar caji ofis ya huta? In babu amsa, fim ya ƙare a minti 10. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ta taɓa gida. A ce mai wayar shi ne ubangidan da ya koya masa aiki, ya buɗe masa shago, ya kuma ba shi 'yarsa. Yanzu in ya yi shiru, an danne jinin wani. In ya yi magana, ya ci amanar wanda ya raine shi a idon unguwa. Duk inda ya juya akwai ciwo, kuma mai kallo Bahaushe ya san nauyin kowanne.

Daga nan sa wa'adi da za a iya ƙirgawa. "Kafin lokaci ya ƙure" ba wa'adi ba ne. Kwana 3, ko kafin ɗaurin aure ranar Juma'a, waɗannan su ne. Ga yadda ta koma:

"Saura kwana 3 ɗaurin aurensa, wani mai gyaran waya a PZ ya tsinci bidiyon kisan kai a wayar surukinsa, kuma dole ya fitar da shaidar kafin a ɗora laifin a kan ƙaninsa."

Kalma 32 ke nan. Lura cewa ba a faɗi wanda ya yi kisan ba, ba a kuma faɗi ƙarshe ba. Abin da ya faru a kashin farko na fim ake bayyanawa, juyin ƙarshe a bar shi a sikirif. Amma kada ɓoyon ya yi yawa har ka rubuta "ya gano wani babban sirri". Faɗi sirrin. Haka nan cire tambaya irin "Shin zai tsira?", wannan ta fosta ce. Kada kuma ka jingina laifin ƙirƙira ga wani ofishi ko mutum na gaske.

Rubuta ta ta hanyoyi 10 aƙalla, kana sauya abin da ke fara zuwa: wa'adi, jarumi, ko laifin. Zaɓi 2 ka karanta su da baki ga wanda bai san labarin ba, ko ɗalibin wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, ko abokin hira a teburin mai shayi a Samaru. Kada ka ƙara masa bayani ko kalma ɗaya. Bayan minti 10 ka ce ya maimaita. Duk abin da ya manta, ko dai bai fito sarai ba, ko ba a bukatarsa. In ya ce "wai ƙanin waye?", koma ka gyara wakilin sunan, don "sa" ɗin da ke "ƙaninsa" na iya komawa ga surukin. In kuwa ya ce "to sai ya yi yaya?", tura wa furodusa.