Yadda Ake Kula Da Ƙaramin Dam Na Ƙasa A Gona, Tsuntsaye Su Samu Masauki Maƙwabta Su Kwana Lafiya

Duk wanda ya tare ruwa a gonarsa da bangon ƙasa ya ɗauki amana biyu. Ta farko ta mutanen da ke zaune a gangare ce, waɗanda kansu ruwan zai fara sauka in bangon ya ɓalle. Ta biyu ta baƙin da za su zo ba da gayyata ba: belbela da zalɓe, kirinjijiya da ɗinya, tarwaɗa, kwaɗi da guza. Mutanen Kano ba su manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988 ba, kuma abin da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri a Satumban 2024 har yanzu ɗanye ne a zukata. Naka bai kai ko kusa da waɗannan ba, amma ƙaramin dam ma yana iya share gonar albasar maƙwabci, ya tafi da garke, ko da yaro.

Kuskuren da na fi gani shi ne a cakuɗa amanar biyu a wuri ɗaya. Sai mutum, don son inuwa da kukan tsuntsaye, ya jera darbejiya a kan bangon. Raba su tun farko. Bango da mafitar ruwa wurin tsaro ne, a bar su fili tas. Wutsiyar ruwan, can sama inda rafi ke shigowa, ita ce ta halittu.

Fara da tattaki zuwa gangare. Bi hanyar da ruwan zai bi in ya ƙwace, ka ga gidaje nawa ne, ina makiyaya ke sauka, ina yara ke ƙetarawa zuwa makaranta. In akwai gida ko ɗaya a kan hanyar, aikin ya wuce na "mai buldoza ya san kan abin". Nemi injiniya, ka kuma je ma'aikatar albarkatun ruwa ta jiharka, ko hukumar raya kogunan yankinka, kamar ta Hadeja-Jama'are ko ta Sakkwato-Rima, ka ji ƙa'idar tare ruwa. Mai unguwa da masu noman rani na ƙasa da kai su ma su sani, domin ruwan da ka tare, da can wajensu yake zuwa.

Sai jikin bangon. In yanzu za ka gina, a fara kwashe ƙasar sama da saiwoyi, a haƙa rami a tsawon gindin bangon har a tarar da ƙasa mai tauri, a cika shi da yumɓu. A riƙa zuba ƙasa mai ɗan danshi kaurin santimita 15 zuwa 20, a daddage ta, sannan a ƙara wata. Gefen da ke fuskantar ruwa ya kwanta sosai: kowace mita ɗaya ta tsayi a ba ta mita uku na faɗi. Gefen baya kada ya gaza mita biyu. Saman bangon ya kai faɗin mita uku, kuma tsakanin ƙarshen cikar ruwa da saman a bar ratar da ta kai mita ɗaya. In gadon dam ɗin ka yi, auna ka gani ko tsakiyarsa ya lotsa, domin ƙasa tana zama da shekaru, kuma ta inda ya lotsa ruwa zai fara hayewa.

Mafitar ruwa ita ce ran dam. Bangon ƙasa ba ya jure ruwa ya bi ta kansa. Da zarar ya haye, sai ya fara cin bayan bangon, cikin sa'o'i kaɗan ya tsaga shi. Saboda haka ake yanka hanya mai faɗi a gefe, a cikin ƙasar asali, ba a jikin ƙasar da aka zuba ba, ta kai rarar ruwa nesa da gindin bangon. A shimfiɗa mata duwatsu ko a bar kiri-kiri ya rufe ta. Abu biyu nake roƙon kowane mai dam ya bari. Na farko, jera buhunan yashi a bakin mafita don a ƙara yawan ruwan rani. Na biyu, ɗaura raga don kada kifi ya gudu. Ragar nan a ruwan Agusta ɗaya za ta cika da kara da leda ta zama bango na biyu. Kifin da zai gudu bai kai darajar dam ɗin ba. Kafin shamuwa ta iso a share mafita, bayan kowane babban ruwa kuma a sake leƙa ta.

A aske bangon. Ciyawa gajera mai riƙe ƙasa kawai ake so a kansa, a riƙa yanke ta don ido ya ga abin da ke ƙarƙashi. Ƙananan itatuwa a cire su tun suna tsiro. Babbar bishiyar da ta riga ta kafu kuwa kada ka sare ta ka tafi, domin saiwar za ta ruɓe a ciki ta bar wa ruwa hanya. Wannan aikin injiniya ne: a rage ruwa, a tono kututturen, a cike gurbin da yumɓu a daddage. Shurin gara da ramin gafiya ma haka, a tone su har ƙarshe a cike. Shanu kuma a kange su daga bangon. Kofatonsu na buɗe turba, turba ta zama zaizaya. A ware musu mashaya a gefe ɗaya, a zuba mata tsakuwa. Wannan ya fi rigima da makiyayi, kuma shi ma ya fi masa sauƙi.

Koyi karanta yoyo. Kusan kowane dam na ƙasa yana ɗan tsattsafo da ruwa ta gindinsa, wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne. Launin ruwan ake dubawa. Ɗebi a kwalba mai haske ka ajiye. In garau yake, kuma yawansa bai canja ba, ci gaba da sa ido. In ya yi duhu, ko ƙasa ta kwanta a gindin kwalbar, to ruwan yana sace cikin bangon ne kaɗan-kaɗan, ramin kuma faɗi yake ƙarawa. Haka in ka ga ciyawa shar a wuri ɗaya tsakiyar rani, ko wani wuri ya burma, ko tsaga ta ratsa bangon daga gaba zuwa baya. Kafa sanda mai awo a cikin ruwan, ka riƙa ɗaukar hoton wurare iri ɗaya da wayarka duk mako a damina. Ido yana mantuwa, hoto ba ya yi.

Yanzu ga rabon halittu. A wutsiyar dam a bar ruwa marar zurfi, daga idon sawu zuwa gwiwa, mai gaɓa a kwance. Nan kifi ke zuba ƙwai, nan zalɓe ke tsayawa. Bar bado da burgu su fito. In ana yashe taɓo, tara wani a tsakiyar ruwa ya zama ɗan tsibiri, inda agwagin ruwa za su yi sheƙa nesa da kare da muzuru. Itatuwan da ka hana bango, dasa su a nan: giyayya da bagaruwa suna son bakin ruwa. Busasshen itacen da ya faɗa ruwa a can sama ma a ƙyale shi, matsayar tsuntsu ce kuma maɓoyar ƙananan kifi. Da hunturu za ka iya ganin baƙin tsuntsayen da ba ka sani ba. Irinsu ne ke tasowa daga Turai suna ƙetare Sahara su sauka a fadamun Hadeja da Nguru, har a Dagona aka keɓe musu wuri. Ƙaramin ruwanka zango ne a gare su, kuma ni dai ina ganin abin alfahari ne mutum ya zama mai masaukinsu. Hana harbi da ɗana tarko, ka hana ragar sauro a kamun kifi, ka hana wanke tankin feshi a bakin ruwa. Zuba guba irin Gamalin don kama kifi kuwa kashe dam ne gaba ɗaya, har da lafiyar wanda zai ci.

Kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ita kaɗai ba a yi mata sassauci. Ita ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Hadeja da Nguru, kuma cikinta tsuntsun jan baki ke kwana kafin ya faɗa wa gero da shinkafa. Yanke ta ƙasa da saman ruwa tun tana 'yar kaɗan, ruwa ya rufe kututturen ya shaƙe ta. Kwantaccen ruwa kuma gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya ne, don haka a hana bahaya da fitsari a bakinsa. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani.

Shirya wa mummunan dare tun da rana. Ajiye buhuna, yashi, tsakuwa da fitila kusa. Riƙe lambar mai unguwa da ta kowane gida na gangare, ku kuma yarda da tudun da za a gudu. In ruwa ya kusa saman bango, ko yoyo ya koma ja yana ƙaruwa, fara da fitar da mutane kafin ka taɓa shebur. Daga nan a buɗe mafita, a rage ruwa ta bututu ko da injin ban ruwa, a zuba yashi sannan tsakuwa a kan inda yake tsattsafowa, yadda ruwa zai wuce ƙasa ta tsaya. Kada a toshe bakin yoyon da yumɓu daga baya, kuma kada kowa ya tsaya a kan bangon da ya fara tsagewa. In ba gaggawa ake ciki ba, a sauke ruwan a hankali, kamar taƙi ɗaya a rana, domin jiƙaƙƙen bango yana iya zamewa cikin dam in an janye masa ruwa farat ɗaya.