Yadda Ake Haɗa Tsimin Ɓawo da Ganye Don Taimaka wa Shuka Jure Gishirin Ƙasa

Idan gishiri ya taru a gona, saiwar shuka takan kasa tsotsar ruwa ko da ƙasar tana da danshi, sannan sinadarin sodiyam yakan shiga cikin shukar ya hana ta ɗaukar fotasiyam ɗin da take buƙata. Alamarsa ita ce gefen ganye ya ƙone, yabanya ta tsumbure, wani lokaci kuma a ga farin ɓurɓushi a saman kunya bayan ruwa ya ƙafe. Ana ɗaukar ƙasa a matsayin mai gishiri idan awonta ya wuce 4 dS/m (ma'aunin da ake auna yawan gishirin ƙasa da shi), amma albasa da masara sukan fara raguwar amfani tun awon bai kai 2 ba, alhali sha'ir yakan jure har wajen 8.

Tsimin da ake haɗawa daga ragowar tsirrai yana ƙarfafa shukar ne daga ciki. Ganyen zogale, wanda aka fi yin bincike a kansa, yana ɗauke da sinadarin ziyatin mai ƙara girman tsiro, tare da bitamin C da kalsiyam. Ɓawon ayaba kuwa yana da fotasiyam mai yawa. A tattara ɗanyen ganye ko ɓawo mai tsabta, wanda bai ruɓe ba kuma bai haɗu da ragowar abincin da aka sa wa gishiri ba, a niƙa shi da ɗan ruwa, a bar shi ya tsimu na kwana ɗaya, sannan a tace da ƙyalle mai laushi don kada tukar ta toshe bakin injin feshi. Kada a zuba toka, domin tana ƙara wa ƙasa kanwa.

Sirkawa ita ce matakin da ya fi buƙatar kulawa. Ruwan zogale ana sirka kashi 1 nasa da kashi 30 na ruwa marar gishiri, saboda tsimi mai kauri yana iya ƙona ganye ko ya hana iri tsirowa. A jiƙa irin masara ko alkama a ciki na tsawon dare ɗaya, a shanya shi a inuwa har ya bushe kafin a shuka. Bayan tsiro ya fito, a fesa wa ganye sama da ƙasa da sassafe ko da yamma, a maimaita kafin fure. A ganina, ya dace manomi ya fara gwadawa a kunya biyu ko uku, ya bar na kusa da su ba feshi domin ya kwatanta.

Tsimin ba ya fitar da gishiri daga ƙasa, don haka dole a gyara magudanar ruwa, a riƙa ban-ruwa mai isa da zai wanke gishirin zuwa ƙasan saiwa, a kuma zuba jifsam (wani farin ma'adini mai ɗauke da kalsiyam) inda sodiyam ya sa ƙasar ta daskare.