Darasi: Yaron da Ba Ya Saurin Gane Magana da Haɗarin Shaye-shaye

Akwai yaron da kunnensa ke ji, amma ƙwaƙwalwarsa na jinkirin warware abin da aka faɗa masa. A ce, "Ɗauko buta, ka zuba ruwa, ka kai wa Baba," sai ya ɗauko butar ya tsaya. Saƙon ne ya yi masa tsawo, ba taurin kai ba ne. Bincike ya nuna kusan yara 7 cikin 100 na da wannan matsala.

Ɗan shekara 2 ya kamata ya san kalmomi kamar 50, yana haɗa biyu, irin "Mama ruwa". Ɗan shekara 4 kuwa, ko baƙo ya kamata ya gane yawancin maganarsa.

Ina alaƙarsa da ƙwaya? Yaron da ba ya gane malami yakan zama na baya a aji. Ana kiransa daƙiƙi, ana zane shi. Ba shi da kalmomin da zai faɗi ɓacin ransa, sai ya fitar da shi da faɗa. Ya fara gudun makaranta, ya faɗa hannun abokan da ba sa tambayarsa karatu, a miƙa masa sholisho, wiwi, tiramadol ko maganin tari mai kodin. Ba kowane irin wannan yaro ne ke lalacewa ba.

A fara da gwajin ji, domin ciwon kunne mai zubar da ruwa na rage ji ba tare da iyaye sun lura ba. Manyan asibitoci na da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa.

A gida, ke uwa, ki kira sunansa, ki durƙusa ku haɗa ido, ki ba shi aike guda ɗaya. Ki ƙirga 10 a zuci kafin ki maimaita. Gaggawar maimaitawa na ƙara rikita shi. In ya ce "mota", ki ce "jar mota", kina ƙara kalma ɗaya kawai. A yi masa tatsuniya ta minti 10 kullum, a tambaye shi abin da ya faru. A koya masa faɗin "raina ya ɓaci" da "ba na so". A ajiye bulala, tsoro na rufe masa baki ne. Maigida kuma ya je makaranta ya roƙi malam ya zaunar da shi a layin gaba.