Yadda ake tara ƙwari domin nazarin ire-irensu

Masana sun raɗa wa nau'in ƙwari kusan miliyan ɗaya suna, kuma waɗanda ba a kai gare su ba sun fi haka yawa. Dangin buzuzu kaɗai, masu ƙoƙon baya mai tauri, sun doshi nau'i dubu 400. Wani babban bincike da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta cewa ƙwari sun bayyana a doron ƙasa shekaru wajen miliyan 480 da suka wuce. Irin wannan lissafi kuwa daga hannun masu kama ƙwaro su adana shi yake farawa, kuma ɗalibi ko manomi ma zai iya.

Mataki na farko, ka tsai da wuri ɗaya ka riƙe shi. Gonar masara ce, ko bakin fadama, ko gindin wata tsamiya, duk ɗaya ne, muddin za ka riƙa komawa. Abin da za ka samu a farkon damina daban yake da na kaka, na rani kuma daban. Wanda ya ziyarci wuri guda sau goma ya fi wanda ya zaga wurare goma sau ɗaiɗai amfani ga bincike.

Na biyu, kayan kamu. Tsohon gidan sauro, waya mai kauri da sanda sun isa a haɗa ragar kama malam-buɗe-littafi da mazari. Masu yawo a ƙasa kuma, ka binne kofin roba bakinsa daidai da ƙasa, ka zuba ruwa kaɗan da ɗigon sabulu, ka duba da safe. Amma wanda na fi so shi ne na dare: a shanya farin zane, a haska shi da fitila. Daren da ya biyo bayan ruwan farko, lokacin da shinge ke tashi, zanen kan cika har ka rasa wanda za ka fara ɗauka. Sai dai a yi hattara da rina da ƙudan zuma, kuma a riƙa haska ƙasa saboda kunama.

Na uku, ka ɗauki hotonsa tun yana da rai, domin launin fara da mazari yakan dushe bayan sun mutu. Sannan ka sa shi a kwalba cikin firiza ya kwana. Masu laushin jiki, irin su gara da tsutsa, sinadarin etanol, wani nau'in barasa mai hana ruɓewa, ake jefa su ciki, mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari. Idan ana son a gwada ƙwayoyin halittarsu daga baya, mai kashi 95 ake nema.

Na huɗu, kafewa. Ana soke ƙwaro da allura ta musamman wadda ba ta tsatsa, a kafa shi a kan farin soson nan da ake naɗe kayan lantarki. Buzuzu da danginsa ta fiffiken dama ake soke su, sauran yawanci ta ƙirji. Malam-buɗe-littafi a baje masa fukafukai kafin ya bushe, in ba haka ba karyewa za su yi.

Mataki na biyar shi ne wanda sababbin shiga ke rainawa, alhali shi ne aikin. Kowane ƙwaro sai an rubuta masa 'yar takarda: gari da jiha, ranar kamu da shekara, sunan wanda ya kama, da inda aka same shi, a kan ganyen wake ne ko a ƙarƙashin dutse. Da fensir ake rubutawa, don etanol na iya wanke tawadar biro. Ƙwaro mai kyau marar takarda ado ne kawai. A farkon 2016 ne aka fara tabbatar da ɓullar tsutsar nan mai cin masara, 'yar asalin nahiyar Amurka, a Afirka, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da aka fara ganin ta. Samfuran da aka san wurinsu da ranarsu su suka ba masana damar bin sawun yaɗuwarta.

Sai tantancewa. Fara da ƙirga ƙafafu: shida ne, to ƙwaro ne a ma'aunin kimiyya. Gizo-gizo, kaska da kunama takwas gare su, don haka wani gida ne daban, ko da yake a bakinmu duk ƙwari ne. Daga nan ka dubi fukafukai. Ƙuda da sauro biyu gare su, zuma da zanzaro huɗu. Ka dubi baki kuma, na tauna ne kamar na fara, ko na tsotsa kamar na kuɗin cizo. Wannan zai kai ka ga babban dangi. Sunan nau'i kuwa, tsarin kalma biyu na Latin da masanin halittu Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya shimfiɗa wa dabbobi a 1758, sau da yawa sai gwani. Manhajar iNaturalist na taimakawa: ka ɗora hoto da wurin, masana daga ko'ina su duba.

Ido ma yana da iyaka. Sauron zazzaɓin cizon sauro da aka daɗe ana ɗauka nau'i ɗaya ne, a 2013 aka raba shi gida biyu, Anopheles gambiae da Anopheles coluzzii, kuma a ido ba ka bambanta su. Gwajin ƙwayoyin halitta ne kuma ya tabbatar a 2007 cewa gara reshe ce a cikin dangin kyankyaso. Shi ya sa in ka kama iri ɗaya da yawa, ka ware biyu ko uku a etanol mai ƙarfi.

A ƙarshe, akwati mai murfin da ke rufuwa gam, da ƙwayar kafur a kusurwa, a ajiye inda babu laima. Kiyashi na iya cinye aikin wata uku a dare ɗaya, don haka ka riƙa buɗewa kana dubawa, musamman a watan Agusta.