Yadda ake koya wa babba Faransanci a ƙofar gida

Ɗan kasuwa ya same ka ya ce, "Mushe, Faransancin da zan yi magana da ma'aikatan duwan, wato kwastan, a bakin iyaka a Ɗan Isa nake so." Kada ka ɗauko masa littafin nahawu. Haddace ƙa'ida da fassara jimla hanya ce da Turawa suka gada daga koyar da Latin, kuma ta yi kama da karatun zaure, inda malam ke jan Larabci yana fassara kalma kalma. Tana fitar da gwanin karatu, amma baki na nan a ɗaure.

Fara da tambayarsa inda yake buƙatar harshen: kasuwa, asibiti ko tasha. Nan darasi zai fito.

Sai ka zaɓi aiki guda da yake yi kullum, ka yanka shi jimloli biyar ko shida a jere. Wannan dabarar François Gouin ce, wani malami Bafaranshe da ya tafi Hamburg ya haddace nahawun Jamusanci har da ƙamus, amma ya kasa gane maganar mutane. Da ya koma gida, ya tarar ɗan ɗan'uwansa mai shekara uku ya iya surutu ba littafi. A 1880 ya wallafa hanyarsa. Mu a Maraɗi shayi ya ishe mu. Ka ɗauki buta ka ce "je prends la théière", ka zuba ruwa, "je verse l'eau", ka ɗora kan gawayi, ka sa sukari. Kana yi kana faɗa. Ka maimaita sau uku yana kallo, sannan ka miƙa masa butar. Hannu na aiki, kalma na zama.

Makarantun koyon harsuna na Berlitz, da suka fara a Amurka a 1878, sun hana harshen gida a aji ƙwata-ƙwata. Ni ban bi su nan ba. Iyayenmu sun sha wuyar sambol a lakwal (makarantar boko), abin da ake rataya wa yaron da ya yi Hausa. In abu ya cije, faɗa masa da Hausa a taƙaice, ku wuce.

Lissafin kuɗi kuwa, ba shi mako guda cur. Mu da dala muke ƙirga, Faransanci da faran. Dala ashirin "cent francs" ce, jika "mille francs". Zube kuɗin gaske kan tabarma, ku yi ciniki, yau kai mai saye, gobe shi.

In ya yi kuskure kada ka katse shi, balle a gaban yara. Alhaji ba zai dawo ba. Maimaita jimlar daidai kamar kana amsa masa.

Kaye (littafin rubutu) da biro su zo daga baya, ya rubuta abin da bakinsa ya riga ya iya. Kafin nan, ɗaukar masa jimlolin ranar da murya a WhatsApp, ya saurara a shago tsakanin azahar da la'asar.