Babi na Bakwai: Maganin Ciki da Kiyaye Hanta

A kasuwar Garwa ko ta Marwa a arewacin Kamaru, mutum kan tsaya wurin mai tiren magani ya ce cikinsa na ciwo, sai a ƙulla masa ƙwayoyi ja da fari a leda. Ba a tambaye shi ina ne ke ciwo ba, balle tun yaushe. Alhali ciwon ciki iri-iri ne, kowanne da maganinsa.

Mu fara da ƙwannafi da gyambon ciki, wanda ake kira olsa. Tumbi yana fitar da ruwa mai tsami don narkar da abinci. Idan ruwan ya taso ƙirji, ko ya taɓa rauni a bangon tumbi, sai a ji zafi. Farin maganin nan na ruwa, irin su Maalox, yana kashe kaifin tsamin nan take, amma na ɗan lokaci ne. Omefrazol kuwa rage fitar ruwan yake yi. Ana shan ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 da safe, rabin awa kafin karin kumallo.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, sunanta Helikobakta. Likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka gano haka a 1982. Shi ya sa mutum kan shekara yana shan omefrazol, da ya bari sai zafin ya dawo, domin ƙwayar cutar tana nan daram. Idan gwaji ya nuna ta, likita kan haɗa omefrazol da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu, kamar amoksisilin da kilaritromaisin, na kwana 10 zuwa 14. Ko an ji sauƙi a rana ta huɗu, a shanye duka.

Mai olsa ya guji diklofenak da ibufurofen da asfirin. Masu acaba da manoma na yawan shansu don ciwon jiki, sau da yawa ma ciki wayam, ga shi kuwa suna cin bangon tumbi. Wanda ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, a kai shi asibiti a ranar.

Gudawa, musamman ta yara, ba ƙwaya take fara buƙata ba. Ƙarewar ruwan jiki ita ke kashewa. A zuba ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari, wanda ake rubuta SRO a jikinsa, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. A kuma ba shi maganin zink, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14. Jaririn da bai kai wata 6 ba rabi ake ba shi, kuma uwa ta ci gaba da ba shi nono.

Sai hanta. Kusan duk abin da muka haɗiya sai ya bi ta kanta, kuma ba ta cika yin ƙorafi da wuri ba. Farasitamol da muke rainawa yana lalata ta idan ya yi yawa. Babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana, mai ciwon hanta ko mai shan giya irin su bilbil da arki kuwa ƙasa da haka. Idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, mukan ce shawara ce, a hau jiƙa saiwoyi. Don Allah a fara yin gwajin jini. Yana iya zama ciwon hanta nau'in B, wanda tenofobir ke dannewa idan ana sha kullum, ko da yake ba kowane mai ɗauke da cutar ne ake ɗora wa magani ba. Yana iya zama tsakuwa ce ta toshe hanyar matsarmama, wadda sau da yawa sai an yi aiki. Rigakafin nau'in B yana cikin alluran jarirai a Kamaru tun 2005, kada a bari yaro ya rasa.

Masunta na Lagdo da masu noman shinkafa na Maga da Yagwa su kula da tsargiya, domin akwai irin wadda ke kama hanji da hanta har ciki ya kumbura. Maganinta firazikwantel ne, kuma da nauyi ko tsawon mutum ake auna shi.

Aikin gida: kowa ya zo aji da kwalin magani ɗaya daga gidansa. Ya nemo sunan maganin, da lambar da ke kusa da haruffan mg, da wata da shekarar da zai lalace, ya kwafe su a littafinsa. Wanda ya tarar kwanan nasa ya wuce, ya nuna wa malami.