Farautar Barewa da Libarba a Amurka: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Bindiga da Ɗura Harsashi

A Amurka, da ganyen itatuwa ya fara zuba, sanyin Nuwamba ya kawo jiki, hirar mutanen karkara ta koma ta barewa. Barewar tasu, mai farin ƙarƙashin wutsiya, ta fi wadda muka sani girma nesa ba kusa ba. A jihohin arewa namiji kan wuce kilo 70, wani ya haura 100. Akasarin mafarauta doguwar bindiga suke saɓawa. Amma akwai masu fita da libarba, ƙaramar bindigar nan mai ganga da ke juyawa, kuma da yawansu da hannunsu suke haɗa harsashi a gareji: kwanso, firaima mai kunna wuta, albarushi, da kan harsashin. Maganar can ce, inda doka ta yarda. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka haramta, saboda haka kada wani ya ɗauka koyarwa ce ta gida.

Kurakuran sabon shiga kusan duk uwarsu ɗaya: son ƙarfi. Mutum ya fi damuwa da abin da bindiga za ta iya a kan abin da hannunsa zai iya.

Sayen bindigar da ta fi ƙarfin mai ita

Wani ƙanen abokina ya tara kuɗi ya sayi libarba mai cin harsashin .500 S&W Magnum, wadda nauyinta ya kai kilo 2. Ya zo filin gwaji yana ta fara'a, ya ce, "Yaya, wannan ko giwa ce ta fito sai ta kwanta." Na ce to, mu fara da farantin takarda. Muka kafa shi a yadi 25. Harbi biyar, ɗaya ne ya taɓa gefen farantin. Ya ce saiti ne ya karkace. Na karɓi bindigar, na sa ya juya baya, na zuba harsasai na gaske guda uku, na cusa biyu na bogi marasa albarushi a tsakani. Da ya ja kunama a kan na bogin, babu ƙara, babu hayaƙi, amma bakin bindigar ya dunguri ƙasa kamar an fizge shi, idanunsa kuma a rufe ruf. Shi da kansa ya yi dariya. Tsoron shurin bindigar ya riga ya shige masa jiki, hannunsa na zabura tun harsashi bai fita ba.

Wannan zabura ita ce babbar cutar masu manyan libarba, kuma saurin kamuwa gare ta, wuyar warkewa. Harsashin .500 ɗin da ya fito a 2003, da .460 na 2005, da .454 Casull, an yi su ne da manyan namun daji a rai. Barewa kuwa fatarta siririya ce, haƙarƙarinta ba wani kauri ba. Harsashin .44 Magnum mai kai na giren 240, wato kamar giram 15 da rabi, yana ratsa ƙirjinta ya fita ta ɗaya gefen. Tun tsakiyar shekarun 1950 da gwanin harbi Elmer Keith ya matsa wa kamfanonin Remington da Smith & Wesson suka fitar da shi, yake wannan aikin. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Gyaran shi ne ka harba kafin ka saya. Filayen gwaji da yawa suna ba da haya. Wanda ya zaɓi .44 Magnum ya sami garaɓasa, don bindigar na cin .44 Special mai sauƙin shuri, da shi zai yi atisaye har hannu ya faɗa. Akwai .41 Magnum na 1964, mai kyau ƙwarai, sai dai harsashinsa da kayan haɗinsa sun fi wuyar samu. Shi kuwa .357 Magnum na 1935 yana kashe barewa, amma da sharaɗi: kai mai nauyi, giren 158 zuwa 180, kuma daga kusa. Ba ya yafe kuskuren saiti.

Tsawon bututu kuma, wasu kan sayi gajere don sauƙin ratayawa, su manta da abu biyu. Gajeren bututu na rage gudun harsashi, yana kuma kusanta saitin gaba da na baya, abin da ke ƙara wuyar daidaitawa. Inci 6 zuwa 7 da rabi shi ne tsaka-tsaki. Na biyu doka, wadda kowace jiha da tata. A Ohio sai bututu ya kai inci 5, harsashi kuma mai miƙaƙƙen kwanso, faɗin kansa daga inci .357 zuwa sama. A Kalifoniya tun 1 ga Yuli 2019 an hana farauta da harsashin dalma, sai na jan ƙarfe da makamantansa. Karanta littafin dokar farauta na jiharka na wannan shekarar, ba na bara ba.

Tarkon .45 Colt

Nan ne nake so a tsaya a saurara, don kuskuren nan yana cin yatsu.

Harsashin .45 Colt ya tsufa, tun 1873 yake, zamanin baƙin albarushi. Ƙa'idar masana'antu ta tsayar da matsin iskarsa a fam 14,000 kan kowane inci murabba'i, saboda tsofaffin bindigogin da har yau suke hannun mutane. Kwatanta da .44 Magnum mai 36,000, ko .454 Casull mai 65,000. To amma kwanson .45 Colt babba ne, yana da ɗaki. Da masu ɗuri, wato masu haɗa harsashi da hannunsu, suka ga libarbar Ruger Blackhawk mai kaurin ƙarfe, sai suka fara cika shi har ya kamo .44 Magnum. Littattafan ɗuri suka ware wa wannan shafi na daban, da gargaɗi a sama cewa na wasu ƙaƙƙarfan bindigogi ne kawai.

Matsalar ita ce harsashi mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya a ido, kuma duka biyun suna shiga kowace libarba ta .45 Colt lami lafiya. Ka sa mai zafin a tsohuwar Colt, ko a irin kwaikwayonta da ake ƙerawa a Italiya, ganga na iya tsagewa, murfin sama ya tashi. Sunan kamfani ma bai isa hujja ba: libarbar New Vaquero da kamfanin Ruger ya fitar a 2005 jikinta ya fi na tsohuwar Vaquero ƙanƙanta, ba a yi ta don wancan shafin ba. Mutane da dama sun ga "Ruger" a jikin bindiga sun ɗauka an gama magana.

In kana da libarba biyu masu cin .45 Colt, ɗaya ƙaƙƙarfa ɗaya tsohuwar ƙira, ka raba akwatunan harsashi, ka rubuta a jiki da manyan baƙaƙe, ka shafa wa gindin masu zafin jan alƙalami. Ni a ganina mafi alheri ma kada ka ɗura masu zafin sam muddin tsohuwar na gidan. Wata rana ɗanka ne zai ɗauka, ba kai ba.

A teburin ɗuri

Wanda ya taso ya ga maharban ƙauye suna zuba wa bindigar gida albarushi da tafin hannu, su danna tsumma, zai iya ɗauka abin duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Albarushin zamani marar hayaƙi da sikeli ake auna shi, da giren, kuma giren 7,000 ne ke yin fam ɗaya. Ɗan abin da ido ba zai lura da shi ba yana iya zama bambanci tsakanin lafiya da asibiti.

Kuskure na farko shi ne karɓar awo a bakin wani. "Abin da nake zubawa ke nan shekara ashirin" ba hujja ba ce. Bindigarsa daban, kwansonsa daban, wataƙila ma mantuwa ta shiga. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Awo daga bugaggen littafi ake ɗauka, irin na Lyman, Hornady, Speer, ko teburin da kamfanin albarushin ya wallafa, kuma a gwada biyu a ga sun yi kusa. A fara daga awon farawa, a riƙa hawa kaɗan-kaɗan. Duk lokacin da ka sauya abu ɗaya, ko firaima ne ko samfurin kai, ka koma ƙasa ka sake hawowa. Kai biyu masu nauyi ɗaya na iya bambanta a tsawo, wanda ya fi nutsewa cikin kwanso ya rage ɗaki, matsi ya tashi.

Na biyu ya fi ba sababbi mamaki: ragewa ma na da haɗari. Albarushi mai ci a hankali irin H110, wanda shi ne W296 da wani suna, an yi shi ne don cikakken ɗuri da firaima mai ƙarfi. Kamfanin albarushi na Hodgdon ya daɗe yana gargaɗin kada a rage shi fiye da kashi 3 cikin 100 na cikakken awo. In ka rage don neman sauƙin shuri, wuta na iya ƙin kamawa sosai, kai ya maƙale a tsakiyar bututu. Harbi na gaba a kansa zai sauka. Saboda haka in ka ji ƙara ta fita wani iri, ɗan "fuf" maimakon tsawa, ka tsaya cak, ka zazzage ganga, ka zura sanda ka tabbatar bututu a buɗe yake.

Mai neman ɗuri mai sauƙi sai ya koma ga albarushin da aka yi don haka, irin Unique. Amma masu saurin ci suna da nasu ramin: awonsu ɗan kaɗan ne a cikin ƙaton kwanso, har ka zuba sau biyu bai cika ya zube ba balle ka farga. Maganinsa ɗabi'a ce. Ka jera kwansuna a faranti bayan zubi, ka haska tocila ka leƙa kowane ɗaya kafin ka ɗora kai. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur. Waya a wani ɗakin.

Sai matse bakin kwanso, wanda ni ya taɓa kunyata ni. Shekarata ta biyu da fara ɗuri, na haɗa harsasai masu kai na giren 300, na yi wa bakin kwanson matsi sama-sama don kada in gajiyar da tagullar. Ana saura kwana biyu a buɗe farauta na je gwaji. Harbi na ɗaya, na biyu, na uku, da na ɗaga gudumar bindigar don na huɗu sai ganga ta cije. Na duba gabanta, ga hancin dalma ya leƙo daga rami kamar kan kunkuru, ya tokare jikin bindigar. Abin da ya faru shi ne duk harbi bindiga na ja da baya da ƙarfi, kai mai nauyi kuma na son zama inda yake, sai ya riƙa zamewa gaba kaɗan-kaɗan. Da a daji ne, da barewa mai rauni a gabana, da na rasa harbi na biyu. Yanzu nakan naɗe bakin kwanson sosai cikin tsagin da aka yi wa kan don haka, kuma in gwada: in auna tsawon harsashi ɗaya, in harba sauran biyar, in ciro shi in sake aunawa. In ya ƙaru, matsin bai isa ba.

Kan harsashi

Wasu kan ɗauki kai marar nauyi mai rami a hanci, irin wanda aka tsara don kare kai, saboda lambar gudunsa ta burge su. A kafaɗar barewa yakan buɗe da wuri, ya farfashe, bai kai huhu ba. Libarba ba da gudu take kisa ba, da faɗin rami da zurfinsa take yi, kuma rami biyu, na shiga da na fita, su ne ke zubar da jinin da za ka bi. Ka nemi mai rigar jan ƙarfe da aka yi don farauta, kamar XTP na Hornady a giren 240, ko dalma mai tauri mai faffaɗan hanci, zuriyar ƙirar Keith. Mai amfani da dalma ya auna faɗin bakin ramukan gangarsa. In kai ya yi musu ƙanƙanta, iska mai zafi za ta bi gefe ta shafe cikin bututu da dalma, saiti ya watse bayan harbi kaɗan.

Kuma ka daidaita saiti da ainihin harsashin da za ka fita da shi. A libarba kai mai nauyi yakan sauka sama da marar nauyi, don ya fi daɗewa a bututu yayin da baki ke ɗagawa.

A daji

Gwaji a kan tebur da buhun yashi yaudara ne in a nan aka tsaya. Huhu da zuciyar barewa faɗinsu kamar farantin takarda ne, inci 8. Nisan da kake iya zuba harsasai shida cikin farantin, a zaune a ƙasa, gwiwa ko sandar dogarawa na tallafe da hannu, sanye da rigar sanyi da safar hannu, shi ne iyakarka. Ga yawancin masu saitin ƙarfe yadi 50 ne ko ƙasa. Madubin saiti mai ninki 2, ko mai jan ɗigo, kan ƙara wa gwani nisa zuwa yadi 100, amma dole ya zama na libarba, wanda ake hange daga tsawon hannu.

Wajen dogarawa a kan reshe ko sanda, kula da inda hannun hagu yake. Tsakanin ganga da bututu akwai siririyar kafa da wuta ke fita ta gefe, kuma a manyan harsasai tana yanka yatsa kamar wuƙa. Kunne ma haka: harbi ɗaya na magnum babu kariya ya isa ya bar maka ƙara ta dindindin, ga kuwa abin toshe kunne na lantarki da ke barin ka ji takun barewa.

Bayan harbi, sabon shiga kan zabura ya bi ta nan take. Barewar da aka samu a huhu da libarba sau da yawa takan ruga 'yan yadi kafin ta faɗi, in kuwa ta ji mutum a bayanta sai ta ƙara nisa. Riƙe wurin da take tsaye da itacen da ta ɓace a bayansa, ka zauna kamar rabin awa, sannan ka je ka duba jinin. Ja mai haske da kumfa na huhu ne, ka bi. Mai duhu da ɗoyi da ɗan koren abinci na ciki ne. Ɗaura ƙyalle a wurin, ka koma mota, ka ba ta awanni kafin ka dawo da fitila da abokin tafiya.